Madugun da Bai San Zangon Gidansu Ba

A zamanin fatauci, kafin ayari ya tashi daga Katsina ko Kano zuwa Gwanja neman goro, madugu ya riga ya gama tafiyar a cikin kansa. Ya san zangon farko da na biyu, ya san inda rijiya take da inda sai an yi guzurin ruwa, ya san sarkin da za a kai wa gaisuwa da kogin da ba ya ƙetaruwa in damina ta sauka. Jagaba yana gaba, uban dawaki yana tara kuɗin fito, malamin ayari yana riƙe da alƙalami, amma lissafin kwana da zango na madugu ne, kuma a kan wannan lissafi rayukan mutane da dukiyarsu suke. Abin da a yau ake kira tsara jadawalin tafiya ke nan. Bahaushe bai jira zuwan lakwal ba kafin ya iya shi.

Jikan madugu yana nan da rai, bai kuma manta da sana'ar ba. A shekarun da tagwaitakar garuruwa tsakanin Nijar da Faransa take tashe, kowa ya san irinsa a Maraɗi: mushe ne, ko shugaban wata ƙungiyar raya al'adu, ko ɗan majalisar kwamin. An gayyace shi taron kwana 3, ya samu rarar kwana 4, masu masauki kuma sun ce za su zaga da shi ƙasar inabi. Tun wata guda kafin tashi ya shimfiɗa taswira. Ya san cewa Hanyar Inabi ta Alzas ta tashi daga Marlenheim a arewa ta dire a Thann a kudu, tsawon kilomita 170 ko kusa da haka. Ya san zai kwana a Kolmar, ya yi hantsi a Riquewihr, ya yi la'asar a Eguisheim. Ya san ƙauyuka 2 ko 3 sun ishi yini guda, don wanda ya cika zango ba ya ganin komai. Ya san a watan Satumba da Oktoba ake tsinkar inabi. Ba ya shan giya, bai kuma ɓoye wa kowa ba. Ruwan inabi marar maye aka zuba masa, ya ɗauki hotuna, ya dawo.

A tambayi wannan mutum ya tsara wa ɗalibansa yini guda a Madarunfa, mai tazarar kimanin kilomita 20 kudu da Maraɗi. Sai ya yi murmushi ya ce: a ɗauki mota, a je bakin tafki, a ci abinci, a dawo kafin magariba. Ba taswira, ba lissafin lokaci, ba wanda aka sanar, ba wanda zai yi bayani. Yara su sauka, su jefa duwatsu a ruwa, su bar ledoji a gindin kuka, su koma gida da labarin mota. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Mutumin da ya ba gonar wani Bature wata guda na tunani, bai ba tafkin ƙasarsa sa'a guda ba. A nan laifin yake, kuma ya fi ƙarfin a kira shi kasala, domin jadawalin tafiya shaida ne a kan abin da mutum ya ɗauka da daraja. Inda ka tsara, can ka girmama.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 wannan hanya ta ƙuntata. Faransa ta dakatar da tallafinta, sojojinta sun fice a Disamba 2023, ofishin jakadancinta na Yamai ya rufe a Janairu 2024. Wani zai ce ashe maganar ta mutu da kanta. Ba ta mutu ba, ta ƙara nauyi ne. Masu fita waje suna fita har yanzu, sun dai sauya alƙibla. Waɗanda suka zauna kuwa, rufewar ƙofar Faransa ba ta buɗe musu ido ga abin da ke bayan gidansu ba. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. To, harshen ƙasa da ba a rubuta ko ɗan littafin jagora mai shafi 20 a kan tafkin da ya fi kowane girma a jihar Maraɗi da shi ba, yana da sauran aiki a gabansa, aikin kuma na malamai ne da ƙungiyoyin al'adu.

Akwai masu amsa da sauri: me Musulmi zai koya a ƙasar giya? Tambayar tana da tushe, domin haramcin giya ba abin ciniki ba ne, ba kuma wanda ya nemi a dasa kuringar inabi a bakin Gulbi. Sai dai mai wannan tambaya ya yi kuskure iri ɗaya da mai hotuna: dukansu kwalba suka gani, ba su ga abin da ke bayanta ba. Abin da ke bayanta manomi ne, da gona, da suna.

Ga yadda abin ya kasance. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya cinye saiwar kuringar Faransa, har sai da aka koma yin auren dashe a kan saiwar Amurka kafin gonaki su farfaɗo. Bayan wannan annoba kasuwa ta cika da jabu, kowa na liƙa sunan garin da ya ga dama a kan abin da ya haɗa. Manoma suka yi ta bore da ƙara, har aka kafa dokar 30 ga Yuli 1935, wadda ta ɗaure sunan amfanin gona da ƙasar da ya fito da kuma yadda aka sarrafa shi. Alzas, wadda yaƙin duniya na biyu ya ragargaza ƙauyukanta da dama, ta buɗe hanyarta ranar 30 ga Mayu 1953. Ba sabuwar kwalta aka shimfiɗa ba. Hanyoyin ƙauye ne da suke nan tun da, aka jera su, aka kafa musu alluna, aka ba su suna ɗaya, aka shawo kan manomi ya buɗe ƙofarsa ya yi wa baƙo bayani da bakinsa. A 1999 UNESCO ta sa gundumar Saint-Emilion ta ƙasar Bordo cikin kayan tarihin duniya. A 2015 ta sa gonakin Burgon, inda aka ƙidaya ƴan filaye 1,247, kowane da sunansa da iyakarsa da tarihinsa. Wasu ba su kai gonar gero ta magidanci ɗaya a Safo ba.

Cire giya daga wannan labari, me ya rage? Mutane ne da suka yarda cewa aikin manomi abin kallo ne, sunan gona abin tsarewa ne, baƙo kuma in an jera masa zango zai zo da ƙafarsa ya saya a hannun mai abu. Shi ya sa dabarar ta yi tafiya zuwa inda ba ruwan kowa da maye. Ƙasar Kolombiya ta yi ta da gahawa, UNESCO ta amince a 2011. Falasɗinawan Battir sun yi ta da zaitun da tsoffin magudanan ruwansu, an amince a 2014. Saudiyya ta yi ta da dabinon Al-Ahsa a 2018. Wanda ya ce darasin haramun ne saboda inda aka fara jinsa, sai ya faɗi hukuncin dabinon Al-Ahsa.

Nijar ma ta taɓa abin. Ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen Afirka 17, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar sunan asali. Wannan jikar dokar 1935 ce kai tsaye. An karɓi takarda, an yi buki. Amma suna a takarda rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne hanyar da za ta kai mutum inda sunan ya tsiro.

Me gundumar Madarunfa take da shi da za a jera? Tambayar da ta fi dacewa ita ce me ta rasa.

Tana da tafki, wanda Gulbin Gabi da ambaliyar Gulbin Maraɗi suke ciyarwa, yana cika bayan damina yana ja da baya da bazara. A Disamba 2019 an sa shi cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, da faɗin hekta 524. Tana da kaburburan waliyyai 99 da al'adar baka ta ce suna kewaye da ruwan, waɗanda jama'a ke ziyarta daga Nijar da Najeriya. Tana da gandun daji a gefen garin. Waɗannan abubuwa 3, daji da tafki da kaburbura, Nijar ta miƙa wa UNESCO sunansu a haɗe tun 2006, suna cikin jerin masu jiran gado. Shekaru sun shuɗe suna jira. Ɗalibai nawa ne a kolejojin gundumar aka taɓa faɗa wa haka?

Tana da Jiratawa, inda aka buɗe filin noman rani na sama da hekta 500 a farkon shekarun 1980, inda zogale ya zama dukiya, ana yanka ana shanyawa ana lodawa zuwa kasuwannin nesa. Tana da dajin Baban Rafi a ƙasar Gabi, wanda dattawa ke tuna giwaye na shigowa cikinsa daga Najeriya. A arewa da ita ga Maraɗi, wadda gidan sarautar Katsina ya mayar mazauni bayan jihadi ya fitar da shi daga Birnin Katsina a 1807, garin Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, wanda ambaliyar 1945 ta tilasta masa barin kwari ya hau tudu. Ga Tibiri, wadda Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ga jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta daɗe da suna a kasuwannin duniya, da majema da dukawan da ke sarrafa ta.

Akwai kuma abin da ya fi kowane ban haushi, don shi baƙi sun riga sun tsara masa jadawali. A 1983, a ƙasar Maraɗi, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa; in an bar tsiro ɗaya ko biyu aka gyara, sai su tashi. Manoma suka karɓi abin, suka kira shi sassabin zamani, suka yaɗa shi gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Masana da ƴan jarida sun yi ta hawa jirgi daga nahiyoyi daban-daban don su tsaya a gindin gawon manomin Maraɗi su ji bayani daga bakinsa. Mushen da ya haddace sunayen ƙauyukan Alzas yana wuce wannan gawo a kan babur kowace safiya.

A Alzas ɗin ma akwai abin da ya kamata ya tsayar da shi. Tambarin yankin farar shamuwa ce, tana kan kowane kati da kowane faranti da ake sayar wa baƙi. A 1974 ma'aurata 9 kacal suka rage a duk yankin, cikin dalilan kuwa har da farin da ya ƙone Sahel, inda tsuntsuwar ke zuwa cin rani. Mutanen Alzas suka tashi suka yi mata sheƙa, suka yi kiwonta, har ta dawo. Ke nan tsuntsuwar da ya ɗauka hoto a kan rufin coci, dausayoyin ƙasashe irin tasa ne suke raya ta rabin shekara. Ita ta san hanyar gida da waje. Shi waje kawai ya sani.

Yaya jadawalin kwana 3 zai kasance in madugu na gaskiya ya tsara shi? Da farko zai zaɓi lokaci: daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan kaka, sa'ad da tafki ke cike, lambuna sun yi kore, tsuntsayen ƙetare sun sauka, rana kuma ba ta cizo. Hutun ƙarshen Disamba yana cikin wannan tsakani. Ranar farko ta tarihi ce: fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da safe, gangarawa kwari inda tsohon gari yake kafin 1945, sa'an nan Tibiri da la'asar, domin yaro ya gane cewa gidajen sarauta 2 ne suka zauna kusa da juna bayan guguwa ɗaya ta taso su. Rana ta biyu ta noma ce: Jiratawa da hantsi, a bi ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa kwami, a ji daga bakin mai zogale sau nawa yake yanka da yadda yake sayarwa, sa'an nan a tsaya a gona guda ta sassabin zamani, yara su ƙirga itatuwa su tambayi sunayensu. Rana ta uku ta ruwa ce: a kwana a Madarunfa, a fita da asuba tare da masunta, a ga tarwaɗa da karfasa suna fitowa daga koma, a zauna da sarkin ruwa, a bi dattijon da ya san kaburbura, a ƙare a inuwar gandun daji. Zango 2 a yini, ba ƙari. A kowane zango mai wurin ne zai yi magana, malami ya yi shiru ya rubuta. A kowane zango a sayi wani abu a hannun mai shi, a kuma biya mai bayani ladansa, don ilimin masunci ba sadaka ba ne.

Masu adawa suna da hujjoji 3, kuma kowace ta cancanci amsa.

Ta farko tsaro ne. Gaskiya ce mai ɗaci: tun wajen 2019 ƴan bindiga daga dazuzzukan Katsina da Zamfara suke ƙetarowa, suna satar shanu suna sace mutane a ƙauyukan kan iyaka, dubban ƴan gudun hijira kuma sun shigo jihar Maraɗi. Malamin da zai kwashi ƴaƴan mutane ya kai Baban Rafi ba tare da yardar hukuma ba, wauta ya yi. Amma madugu bai taɓa fasa Gwanja don akwai ƴan fashi ba. Yakan tambaya, ya sauya zango, ya tashi da rana. Wannan hujja kira ce ga tsari mai kyau, tare da perfe da jami'an tsaro da sarakuna. Zangon da ba ya zuwuwa a bana a ajiye shi, a rubuta labarinsa daga bakin waɗanda suka fito daga can, kafin su ma su shuɗe.

Ta biyu kuɗi ne. Kuɗin jirgi na mutum ɗaya zuwa Turai da dawowa zai ɗauki aji guda ya zaga duk zangunan da aka ambata, har a buga musu ɗan littafi. Ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin anko da na walimar ƙarshen shekara ba za ta ce allo 10 na ƙarfe sun fi ƙarfinta ba. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Ta uku aƙida ce. A Maraɗi akwai malaman da ke ƙin ziyarar kaburburan waliyyai, akwai masu yinta da zuciya ɗaya, kuma ba jadawalin tafiya ne zai raba wannan gardama ba. Amma mai ziyara da mai ƙinta sun haɗu a kan abu ɗaya: kaburburan suna nan, mutane sun daɗe suna zuwa, wannan kuwa tarihi ne. Yaron da aka kai ya gani, aka faɗa masa abin da masu wurin ke cewa da abin da masu suka ke cewa, ya fi wanda aka rufe wa ido ƙarfin riƙe imaninsa.

Lokaci kuma ba ya jira. Tun da aka datse kogin Gada da madatsar Jibiya a jihar Katsina, wajen 1990, ruwan da ke gangarowa Gulbin Maraɗi ya sauya hali, duk da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 da ƙasashen 2 suka sa wa hannu a kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai. Yashi yana cike tafki, gonaki suna matsowa bakinsa, gatari yana cin daji. Wurin da ba wanda ya sani ba ya da mai kare shi. Gonakin Burgon sun tsira daga masu gini ne don dubban mutane sun taka su da ƙafa sun san sunayensu. A ɗaya gefen, tun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Katsina da Jibiya ya ratsa gundumar Madarunfa. Ranar da jirgin farko zai tsaya, Bakano da Bakatsine za su sauko da kwana 2 a hannu su tambayi inda za su je. In ba a shirya amsa ba, za su yi sayayya a babbar kasuwa su koma. In kuwa wani kamfani daga nesa ne ya shirya ta, shi zai zaɓi abin da za a nuna, da harshen da za a faɗe shi, da aljihun da kuɗin zai shiga.

Saboda haka aikin a bayyane yake. Malaman tarihi da na labarin ƙasa da na kimiyyar halitta a kolejojin Madarunfa da Jiratawa da Ɗan Isa da Gabi su raba zanguna a tsakaninsu, kowa ya ɗauki ɗaya, ya auna tazararsa, ya nemo mai bayaninsa, ya rubuta shafi 2 a kansa da Hausa. Ƙungiyoyin al'adu su tattara, su fassara zuwa Faransanci don baƙo, su nemi kwamin ta kafa alluna. Mutumin nan mai hotunan Alzas shi ya fi kowa cancantar jan ragama, tun da ya ga yadda ake yi da idonsa, har ya san cewa ƙauyuka 3 sun ishi yini. Taswirar da ya shimfiɗa wata guda kafin tashi tana nan a cikin akwati. Ya ciro ta, ya juya bayanta, ya zana Gulbi daga Jibiya zuwa Tibiri, ya sa ɗigo a inda tafki yake, ya fara lissafin zango.